Ga mai neman tirelar kwana ta iyali: a fara duba motar da za ta ja ta

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce ku takwas ne, kai da maiɗakinka da yara shida, wani lokaci har da Hajiya mahaifiyarka, kuma kana son sayo tirelar kwana daga Amurka, irin mai ƙaƙƙarfan jiki wadda gadajenta ke buɗewa waje cikin tanti, don zuwa gona wajen Daura da ziyarar dangi lokacin Sallah ko biki. Ka ce motarka Sienna ce. Ina da irin wannan tirelar, na daɗe ina jan ta tsakanin Katsina da Daura, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Zaɓin da ka yi na wannan samfuri daidai ne ga mai iyali da yawa. Da yake gadajen a waje suke rataye, gaba da baya, tsakiyar tirelar tana zama fili: wurin zama, ɗan kicin, banɗaki, da inda za a shimfiɗa darduma. Tirela mai rufaffen jiki da za ta kwantar da mutum takwas yawanci takan fi wannan tsawo. Akwai masu gado biyu, akwai masu uku, kamar Rockwood Roo 233S ta kamfanin Forest River, wadda gado na uku ke fitowa ta gefe. Jayco ma sun yi irinsu a jerin Jay Feather. Duk kamfanonin biyu a jihar Indiyana suke. Mai gado uku nake ba ka shawara saboda yaranka. Ka san umarnin da aka yi mana na raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Da gado uku, ku iyaye kuna da naku, maza nasu, mata nasu, teburin cin abinci kuma a kwantar da shi ya zama gadon Hajiya, tunda yana ƙasa, ba sai ta yi hawa ba, kuma kusa yake da banɗaki.

To amma nan ne maganar ke da nauyi, don Siennarka ba za ta ja mai gado uku ba. Iyakar abin da Toyota suka yarda Sienna ta ja shi ne fam 3,500, wato kimanin kilo 1,590, shi ma sai wadda aka haɗa wa kayan ja. Tirela mai gado uku kuwa, babu ko cokali a cikinta, ta haura kilo 2,000. Ka zuba ruwa a tanki, kowace lita kilo guda ce, ka ɗora tukwanen gas, batir, buhun shinkafa, tukwane, kayan sawar mutum takwas, sai ka ga ta doshi kilo 2,800. Masu sayarwa nauyinta na wofi suke rubutawa a talla. Wanda ya shafe ka shi ne iyakar nauyinta da kaya a ciki, wanda ke rubuce a takardar da aka manna a gefen hagu na jikinta ta gaba.

Akwai kuma lissafi na biyu da mutane ba su cika yi ba. Wani kaso na nauyin tirela, tsakanin 10 zuwa 15 cikin ɗari, a kan bayan mota yake sauka ta wurin maƙalin da ke haɗa ta da motar. Tirela mai kilo 2,800 za ta danne bayan motarka da kilo 300 zuwa 400. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin, akwai takarda da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar ke ɗauka. Ku takwas kun cinye mafi yawansa tun kafin a maƙala komai. Idan aka matsa, bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya rage kamu, giya ta ɗauki zafi. Ranar da babbar mota ta wuce ka da gudu a hanyar Kano, iskarta ta kaɗa tirelar, ita kuma ta fara wutsil-wutsil da bayan motar, ba abin da zan so ka gani ba ne da yara a ciki. Kuma kada wani ya ce maka a zuba yaran cikin tirelar ana tafiya. Babu bel, babu abin da zai tare su, jikinta kuma ba a yi shi don ɗaukar karo ba.

Mafita biyu ce. Ko ka nemi babbar mota mai kujeru takwas irin Sequoia ko Land Cruiser, ka sake yin lissafin nan a kanta, don su ma ba su da wadatar nauyin ɗauka kamar yadda girmansu ke nunawa. Ko kuma ka yi yadda nake yi: Hilux ta ja tirela da direba da babban yaro ɗaya, iyali su biyo a motar gida. Ita ma Hilux ka duba littafinta, mai fetur ba ta kai mai dizal ƙarfin ja ba. Ƙananan tirelolin masu ƙafa 16 ko 17 sun fi sauƙi, amma ko su, da zarar an loda kaya aka cika Sienna da mutane, an wuce iyaka, kuma gado biyu ne kawai.

Maƙalin ma a kula. Kada a kai wa mai walda ya lanƙwasa ƙarfe ya liƙa a bamba. A sayi na ainihi wanda ake ɗaurewa a jikin shasi, da ƙwallon da ya yi daidai da bakin tirelar. Na Amurka inci 2 ne ko inci 2 da 5/16, na Turai milimita 50, kuma ba a musanya su ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Birkin tirelar na lantarki ne, sai an sa wa motar wata 'yar na'ura kusa da direba da soket mai baki bakwai kafin ya kama. In babu ita, birkin motarka kaɗai ke tsayar da komai.

Sai tantin kansa. A hunturu da bayan damina yana da daɗi ƙwarai, ka zuge tagoginsa iska ta ratsa ta raga, sauro bai shiga. A watan Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Katsina ke haura 40, gadajen nan ba sa kwantuwa da rana, na'urar sanyaya ɗaki ba ta iya cin ƙarfin zafin da ke shigowa ta yadin. Abin da ke taimakawa shi ne inuwar bishiya da shimfiɗa mayafi mai ƙyalli a saman tantin. Da damina, ka san yadda iska ke riga ruwa isowa a nan. Idan hadari ya haɗo da ƙarfi gara a naɗe gadajen a zauna ciki har ya wuce. In ruwa ya jiƙa yadin kuma dole ka tashi, to da isarka gida ka sake buɗewa ya bushe, in ba haka ba fumfuna ta kama shi, warin kuma ba ya fita. Ƙurar hunturu tana cin zif, a riƙa goge shi da buroshi. Sannan yadi ba ya tare magana. Abin da aka faɗa a gadon gaba ana ji a waje, kukan jariri kuma kowa zai sha.

Wannan ya kawo ni kan tsaro, kuma ina roƙonka ka ɗauke shi da gaske. Su can Amurka suna da filayen kwana masu gadi da ruwa da wuta. Mu ba mu da su, kuma duk mun san halin da wasu ƙananan hukumomin jiharmu suka shiga, musamman ta yamma da kudu. Tirelar da reza ke iya buɗe bangonta ba a kwana da iyali a cikinta a bakin hanya ko a daji. Ni ina ajiye tawa ne cikin katangar gidan dangi ko a gonar da ke da mutane da maigadi, kuma ba na tafiyar dare da ita. Inda ta fi yi mini amfani shi ne Sallar Gani a Daura da lokacin biki, sa'ad da gida ke cika har a rasa inda baƙo zai sa haƙarƙarinsa. Kafin ka saya ka auna ƙofar gidan da za ka riƙa shiga. Faɗinta ya kusa mita biyu da rabi, tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai mita 3, lungunan cikin gari da wayoyin wuta masu saukowa ba za su bar ta ta wuce ba.

Wutarta ta Amurka ce, bolt 120, tamu kuwa 230. Ranar da aka jona ta kai tsaye da wutar gida ko janaretanmu, cajar batir da firji da duk abin da ke kan layin sun tafi. Sai da taransifoma mai rage wuta, mai ƙarfin da zai ɗauki na'urar sanyaya ɗakin, wadda ke son janareta na wajen wat 3,000 kafin ta tashi. Fitilu da famfon ruwa da fanka duk a kan batir mai bolt 12 suke, don haka faifan sola a sama da batir mai kyau sun ishe ka yawancin shekara. Tukwanen gas ɗinsu bakinsu daban ne da namu, a sami wanda ya san aikin ya canja mahaɗin, a gwada da ruwan sabulu. Na'urar da ke ƙara idan gas ya zubo a tabbata tana aiki. Kuma komai sanyin Janairu kada a shigar da kaskon gawayi ciki.

Banɗakin yana tara ƙazanta ne a tanki, kuma mu masu amfani da buta ne, mutum takwas za su cika shi cikin ɗan lokaci. Ka tanadi bututu da ramin masai da za ka juye a ciki, ku bar na tirelar don dare da Hajiya da ƙananan yara. Girki ma a waje za a yi, murhun ciki na shayi ne da ɗumame, tukunyar tuwon gidanka ba za ta zauna a kansa ba.

Wajen saye, babban abokin gabar wannan tirela ruwa ne. A ƙarƙashin fatar jikinta akwai siririn katako, rufinta kuma shimfiɗar roba ce. In ruwa ya sami hanya, katakon ya ruɓe daga ciki, waje yana ƙyalli. Inda ya fi shiga shi ne gefen ƙofofin gadajen nan masu buɗewa. Don haka kada ka saya da hoto kawai, musamman daga gwanjon motocin inshora, inda ake zuba waɗanda ambaliya ko ƙanƙara ta taɓa. Ka biya wani a can ya je da ƙafarsa: ya buɗe kowane gado, ya danna katakon ƙarƙashin katifa, ya taka kowace kusurwa ya ji ko ƙasan na lotsawa, ya hau sama ya duba liƙin rufi, ya kalli bango daga gefe ko ya kumbura, ya shinshina cikin kabad. In ya ji warin danshi, a bar ta komai arha. A duba shekarun taya, lambobi huɗu ne a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara 5 a canja ko da zanenta bai ci ba, don kwaltarmu da rana ba ta raga wa tsohuwar taya. Ka sa a haɗo maka da safaya biyu, boris na ƙafa, robar ƙofofin gado da famfon ruwa, tunda ba za ka same su a kasuwar kayan gyara a nan ba.

Kuɗin kuma ka lissafa shi har ƙofar gida: kai ta tashar jirgin ruwa a can, jigila zuwa Legas, wadda da girman abu ake caji, fito na kwastam, sannan jawo ta zuwa Katsina. Ka sa wakilin fito ya ba ka lissafinsa a rubuce kafin ka biya kuɗin tirelar. Takardun kwastam su zauna a motar kullum, ka san yawan shingayen da ke hanyar Daura da Kongolam, kuma abu ne da jami'ai ba su saba gani ba, za a tsayar da kai a yi tambaya.

Ka ɗauko hoton takardar da ke ginshiƙin ƙofar motar da kake niyyar ja da ita, da sunan samfurin tirelar da shekararta, ka turo nan mu yi lissafin tare kafin ka tura ko sisi. In kuma kana cikin Katsina, ka zo da Hajiya da maiɗakinka su shiga tawa su gani, a buɗe gadajen a naɗe a gabansu. Allah Ya sa a dace.