Amsa: da gaske Jamusawa ne suka fara ƙera roka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Jamusawan Hitler ne suka fara roka. Ƴan Sin sun daɗe suna harba ta albarushi, amma babba mai tashi sama sosai ta faɗo kan gari, eh, V-2 ta Jamusawa ce ta farko. Injiniya Wernher von Braun da mutanensa suka ƙera ta a Peenemünde da ke arewacin Jamus, gwajin farko da ya yi nasara 3 ga Oktoba 1942, sai Satumba 1944 aka fara harba ta Paris da Landan, daga baya birnin Antwerp na Beljiyam ya fi shan wuta. Tana cin kusan kilomita 320 kuma ta fi sauti gudu, sai ta faɗo kafin a ji ƙararta, ba yadda za a tare ta.

Abin da ke min ciwo wallahi, fursunonin sansanin Mittelbau-Dora aka tilasta wa haɗa ta cikin ramin dutse, kuma waɗanda suka mutu wajen aikin sun fi waɗanda rokar ta kashe yawa.

Bayan yaƙi Amurka ta kwashe von Braun, shi ya jagoranci ƙera rokar Saturn V da ta kai mutum wata a 1969. Rasha ma ta kwaikwayi V-2, ta yi tata rokar R-1.