Sun ce a mayar da ƙanena ɗan shekara 16 don ya shiga Mena

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Garin Malam nake rubuto maka, nan Damagaram, kuma hankalina a tashe yake. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ɗan gaba ne, lamba 9 yake bugawa, bana ya cika shekara 19. Yana da lisans da wani kulob na gasar jiha, kuma duk wanda ya gan shi a fili ya san Allah ya ba shi ƙafa. Wani mutum da ya ce shi ajan ne, wakilin 'yan wasa, ya zo har gida. Ya ce a 19 yaro ya tsufa, Turawa ba sa saye. Wai a yi masa sabuwar takardar haihuwa ya koma 16, shi kuma ya cusa shi cikin Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, ta 'yan ƙasa da 17, daga nan sai Beljiyam. Yana neman sefa miliyan ɗaya da rabi na takardu da biza da jirgi. Innarmu ta yarda a sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana. Ya ce ko Yamai ta ƙi yana da hanya a Kano, tunda muna da dangi a Daura. Ni ne babba, sa hannuna ake jira. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sa hannu, kuma kada a taɓa filin nan.

Zancen kuɗin ba zai ci mana lokaci ba. Kulob ɗin da ke son ganin yaro shi ke aiko da takardar gayyata mai ɗauke da sunansa. Dokar FIFA ta hana kowa neman kuɗi ko karɓarsu saboda gwaji. Akwai takardar gwaji da kulob da yaro ke sa wa hannu, a shigar da ita cikin TMS, rumbun FIFA na rajistar sauya sheƙa, kwana 10 kafin a soma, kuma gwajin ɗan 21 zuwa ƙasa ba ya wuce mako 8 a kulob ɗaya cikin kakar wasa ɗaya. Tun 2023 kuma ba a zama ajan da daɗin baki, sai da lasisin FIFA, kuma sunayen masu lasisin na nan a shafin FIFA, kai ma kana iya dubawa da wayarka. In ya dawo ka shimfiɗa masa tabarma, ka zuba masa shayi, sannan ka tambaye shi lambar lasisinsa da sunan kulob ɗin na Beljiyam. Galibinsu a nan wayarsu ke yin ƙara, su ce ana kiransu daga Yamai.

Maganar shekarun ce ta tsaya mini a rai, domin ita nake fama da ita kullum, kuma ba 'yan damfara kaɗai ke yaɗa ta ba. Iyaye, kociyoyin unguwa, tsofaffin 'yan wasan da ke zaman fada, kowa ya haddace cewa ɗan ƙwallo shekaru biyu gare shi, na gida da na fili. Har ta kai yaro in ya faɗi shekarunsa na gaskiya a wurin zaɓe, abokansa dariya suke masa, su ce baƙauye ne.

To bari ka ji abin da mutumin naku bai gaya muku ba. Sashe na 19 na dokar sauya sheƙa ta FIFA ya hana a kai ɗan wasa wata ƙasa a yi masa rajista kafin ya cika 18. Akwai 'yan togaciya: iyaye su ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko sauyi tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga 'yan 16 zuwa 18, ko gidan yaro da kulob ɗin duka su kasance cikin kilomita 50 daga iyaka, ko ɗan gudun hijira, ko ɗalibin musaya. Wanne ne ya shafi ƙanenka? Babu. Yau, da shekarunsa 19, ba dokar da ta hana shi sa hannu da kulob a Beljiyam ko Tunisiya ko Maroko gobe da safe. Ranar da aka mayar da shi 16, da kuɗinku kun saya masa zaman jira na shekara biyu. Saboda wannan sashe aka hukunta Barcelona a 2014, aka bi da Real Madrid da Atletico a 2016, sannan Chelsea a 2019. Kulob ɗin da ya ga an ɗaure hannun Barcelona shi ne zai jefa kansa wuta don yaron Garin Malam? Shi ya sa yaran da ake kwasa da irin wannan alkawari da bizar yawon buɗe ido suke tafiya, in ma sun tafi. A ajiye su a ɗakin otal, a biya kwana kaɗan, mutumin ya ce zai je ya ga shugaban kulob, daga nan lambarsa ta daina shiga. Biza ta ƙare, yaro ba shi da takardar ITC, wato shaidar sauya sheƙa zuwa wata ƙasa, da za ta ba shi damar bugawa ko'ina, kunya kuma ta hana shi dawowa gidan da aka sayar da fili dominsa.

Sai ita Menar da aka yi muku alkawari. Wanda ya je sayen rago kasuwar Alhamis ba ya tambayar dillali shekarun ragon, bakinsa yake buɗewa ya duba haƙora. Haka CAF, hukumar ƙwallon Afirka, take yi wa 'yan ƙasa da 17. Tun gasar duniya ta 2009 da aka yi a Najeriya FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu, CAF kuma ta mai da shi ƙa'ida. A ƙarshen ƙashin damtsen hannu, daidai wuyan hannun hagu, akwai wani layin guringuntsi da ƙashi ke tsawo ta wurinsa, yana rufewa a hankali yayin da yaro ke girma. Likita na ba shi maki daga 1 zuwa 6. In ya kai 6, layin ya haɗe sarai, yaro ya koma gida ko da takardarsa na da hatimi goma. Ban ce na'urar ba ta kuskure ba, akwai ɗan 16 na gaskiya da ƙashinsa ke saurin haɗewa a zalunce shi. Amma namiji ɗan 19 mai cin tuwo da kyau, kada ku sa rai.

Mu 'yan Nijar bai kamata a yaudare mu a kan wannan ba, don mun ci ribarsa da idonmu. A watan Agustan 2016, dab da wasanmu da Najeriya na neman shiga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17, 'yan wasansu 26 suka faɗi wannan gwaji. Najeriya fa, mai riƙe da kofin duniya a lokacin. Suka ci mu 1-0 a Abuja, muka rama 3-1 a Yamai, muka fitar da su. Daga nan yaranmu suka kai kusa da ƙarshe a Gabon a 2017, suka je gasar duniya a Indiya, suka ci Koriya ta Arewa 1-0, Ghana ta tsayar da su a zagaye na biyu. Kamaru ma, dab da wata gasa ta farkon 2023, cikin yara 30 da ta tara 21 suka faɗi. Duk da haka har yanzu ana zuwa mini da tatsuniyoyi. Wannan ya ce in an ɗaure hannu da roba daren gwaji na'ura ba ta gani. Wancan ya ce a sha ruwan lemun tsami kwana bakwai ƙashi ya yi laushi. Wani an karɓe masa kuɗi an ba shi laya ya ɗaura a damtse, alhali kafin a shigar da mutum ɗakin na'urar sai an sa shi ya cire duk abin da ke jikinsa mai ƙarfe, har zobe da bel. Ƙashin da ya haɗe ya haɗe, ba lemu ba rubutu da zai raba shi.

A ce ma ya tsallake na'ura. Takarda ba ta mantuwa. Gini ta zo ta biyu a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2019 a Tanzaniya, sai aka gano biyu daga cikin yaranta sun taɓa buga wata gasa a Japan da ranakun haihuwa daban. Aka ƙwace gurbinta na gasar duniya a Brazil aka ba Senegal, aka dakatar da yaran. Ƙanenka yana da lisans a ofishin lig, da hotonsa da ranar haihuwarsa. In ya yi lakwal sunansa na cikin rajista, in ya zauna jarrabawar BEPC yana can ma. A Facebook abokansa sun taya shi murnar cika 18 bara. Yanzu kuma hukumomin ƙwallo na ba kowane ɗan wasa lambar shaida guda ta FIFA da ke bin sa duk inda ya je. Ba wanda zai tona wannan yana gasar jiha. Ranar da ya ci ƙwallon da ta fitar da wata ƙasa, ranar ce lauyoyinsu za su zauna su tona, kuma shi za a dakatar. Dillalin da ya karɓi kuɗin yana can wata unguwa yana shan furar wata uwar.

Raina ya fi ɓaci da mutanen ofis da ke sayar da takardun. Hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar haihuwa an yi shi ne don yaron da aka haifa a ƙauyen Tanut ko Gure ba a rubuta shi ba, wanda katin ubansa ma "wajajen shekara kaza" aka rubuta. Irin wannan yaro sai ya yi ta sintiri, yau babu shaidu, gobe mai sa hannu ya yi tafiya. Wanda ya zo da ambulan kuwa kafin la'asar an rage masa shekara uku. Sakamakon haka duk takardar da ta fito daga ƙasashenmu kulob na waje da ido ɗaya yake kallonta, mai gaskiya ya biya bashin maƙaryaci.

Akwai kuma abin da ragin ke yi wa ƙwallon yaron kanta, wanda ba a cika faɗa ba. Ɗan 19 a cikin 'yan 16 ƙarfi yake nunawa, ya ture wannan ya tsere wa wancan, 'yan kallo na ihu. Ba ya koyon ɓoye ƙwallo daga mai tsaron baya da ya fi shi ƙirji, ba ya koyon sakin ta da wuri, don ba abin da ya tilasta masa. Shekarun da ya kamata ya sha wuya a hannun manya ya goge, ya ɓata su yana cin yara. Da an haɗa shi da tsararrakinsa sai a ce ya lalace, alhali tun can bai ci gaba ba. Kulob ɗin unguwar da ya raine shi ma ya yi asara: kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ana raba wa kulob ɗin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23, kuma da tarihin lisans ake lissafin. Sabuwar takarda, sabon lisans, an share su ke nan. Ban ma yi zancen ɗan 16 na gaskiya da aka ture daga gurbinsa ba, wanda shi ma ɗan wata ne, kuma haƙƙinsa na wuyan duk wanda ya sa hannu.

Hanyar Kano ta fi muni. Takardar Najeriya da wata ranar haihuwa ta mai da shi mutum biyu. In kuma ya buga wa wata ƙasa wasan gasa, sauyawa sau ɗaya ake yi a rayuwa, da sharuɗɗan da FIFA ta gyara a 2020, ciki har da duba ƙasar da yake da takardarta. Duk takardun da ake ɓoyewa a nan za a baje su a tebur.

Shekara 19 ba tsufa ba ne. Moussa Maazou daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a farkon 2008 yana 19, bayan shekara ɗaya CSKA Mosko ta saye shi, ya buga a Monaco da Bordeaux, da shi Mena ta je gasar Afirka a 2012 da 2013. Amadou Moutari daga Akokana ta Arlit ya tashi zuwa Le Mans. Victorien Adebayor ta Inter Allies ta Ghana ya bi kafin Denmark a 2020. 'Yan gasar cikin gida ne koci Harouna Doula ya kai wasan kusa da ƙarshe na CHAN, gasar Afirka ta masu bugawa a gida, a Aljeriya a farkon 2023, bayan sun ci Ghana 2-0, masu neman 'yan wasa na zaune a kujeru suna rubutu. Na san Yamai da nisa, kusan kilomita 900, kuma na san idon masu zaɓe ya fi tsayawa kan kulob ɗin babban birni. Wannan koke ne na gaske, a kai shi ga FENIFOOT, hukumar ƙwallon Nijar. Amma Damagaram, garin da ƙungiyar Espoir ta taɓa ɗauko wa kofin ƙasa, ba baƙo ba ne a ƙwallon Nijar. Abin da ƙanenka ke bukata bana shi ne kulob a rukuni na biyu ko Super Ligue, kwantaragi a rubuce da kwafinsa a hannunku, da bidiyon cikakkun wasanni, ba guntayen dakika 30 masu kiɗa ba. Kocinsa ya yi masa wannan magana, ba baƙo ba.

Inna kuma a bi ta a hankali, son ɗanta ne ya sa ta yarda. Ka samu kawunku ko limamin unguwa ku zauna da ita tare, a gaya mata cewa sabuwar takardar nan sai an kawo shaidu sun tsaya gaban alƙali sun faɗi abin da suka san ƙarya ne, kuma fili na marayu ne gaba ɗaya, ba na mai ƙwallo shi kaɗai ba. Ka karɓi takardar haihuwarsa ta asali ka adana a wurinka. In kuma mutumin ya riga ya karɓi fasfo ko katin yaron, kada ka tsaya roƙo a waya, ka nufi ofishin 'yan sanda da lambarsa da saƙonnin da ya turo.