Makirufonmu na coci yana aiki, me ya sa za mu canza?

Tambaya: Ina kula da kayan sauti a wata ƙaramar majami'a a Amurka. Makirufonmu guda huɗu marasa waya suna kan mita 626 zuwa 668 MHz. An ce mini haramun ne yanzu, dattawa kuwa sun ce ba kuɗi, kuma ai suna aiki. Za a ci mu tara?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya aka faɗa maka. Hukumar FCC, mai kula da harkar sadarwa a Amurka, ta yi gwanjon mitoci 617 zuwa 652 da 663 zuwa 698 MHz a 2017, kamfanin wayar salula na T-Mobile ya kwashi kaso mai yawa, wa'adin barin wurin kuma ya cika ranar 13 ga Yulin 2020. Haka aka yi da zangon 700 MHz tun 2010. Dokar ba ta ware coci ba, kuma tarar tana iya hawa kanku.

Wannan "ai yana aiki" ita ce ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Yana aiki ne don hasumiyar wayar da ke kusa da ku ba ta danne shi ba tukuna, ko katangar ginin tana ɗan kare ku. Ranar da aka ƙara mata ƙarfi, Fasto zai tsaya tsakiyar wa'azi, murya ta ɗauke, ƙara ta cika lasifika. Ɗan ƙaramin makirufo ba ya kokawa da hasumiya. Kuma ba kunnenku kaɗai ba ne a ciki: kuna shiga layin da wani ya saya, wanda maƙwabta ke kiran waya a kai. Masu cewa "ka rage ƙarfinsa, ba wanda zai sani" ko "kawo in juya maka shi" kuɗinku kawai suke so. Masu tallan tsofaffin kayan a intanet da araha su ma haka, domin an hana sayar da irinsu don amfani a Amurka tun Oktoban 2018.

Ku nemi masu aiki tsakanin 470 da 608 MHz, inda marar lasisi ke da iznin amfani da makirufo mai ƙarfin da bai wuce miliwat 50 ba, amma ku duba mitocin da tashoshin talabijin na garinku ke kai tukuna, domin su ma a wannan zangon suke. Na 2.4 GHz ma sun isa makirufo huɗu, sai dai Wi-Fi na takura musu. In kuɗin bai kai ba, a saya wa Fasto ɗaya, mawaƙa su koma mai waya. Ka faɗa wa dattawa: mun karanta Romawa 13 kan biyayya ga hukuma, bai kamata a karanta ta da makirufon da hukuma ta hana ba.