Tambaya da Amsa: Irin danya daga uwa ɗaya bai isa ba

Tambaya: Danya na ta ƙarewa a dazuzzuka. Na samu wata mai manyan 'ya'ya masu zaƙi, ina so in tara ƙwallonta in shuka ɗari don kada irin ya ɓace. Dabarar ta yi?

Amsa: Niyyar ta yi, Malam, amma dabarar da gyara. Itatuwa ɗarin nan duk 'yan uwa ɗaya za su zama, rabin ƙwayoyin gadon kowanne daga uwa guda ya fito. Cutar da ta kada ɗaya tana iya kada sauran, kuma idan suka yi ta barbara a tsakaninsu, jikokin sukan fito da rauni: ƙwallo marar ƙwaya, tsiro mai ci baya.

Ka tara daga uwaye aƙalla 30, da tazarar mita 50 zuwa 100 tsakanin kowace da ta gaba, domin waɗanda ke kusa da juna galibi dangi ne. Ɗebi adadi ɗaya daga kowace, misali ƙwallo 20. Nan ne mutane ke kuskure: sai su cika buhu daga wadda ta fi zubar da 'ya'ya, ta rinjayi sauran ba tare da sun lura ba. Kada ka raina mai ƙananan 'ya'ya ko mai tsami. Wataƙila ita ce ta tsaya da ganyenta a shekarar fari. Kowace uwa da jakarta, a rubuta lamba, wuri da ranar ɗiba, lambar kuma ta bi dashen har gona.

Wani abu da ake mantawa: danya akwai namiji akwai mace, a itace daban-daban. Manomi kan sare namijin don ba ya 'ya'ya, alhali daga furensa ƙudan zuma ke kai wa macen ƙurar barbara. A bar maza da yawa, warwatse cikin gonar. Ita kuwa mai zaƙin nan, idan ainihin halinta kake so, sai ta hanyar aure: a ɗauki reshenta a ɗora kan ƙaramin dashe. Ƙwallo ba ya maimaita uwa sak.

Tambaya: Zan iya ajiye ƙwallon a firji?

Amsa: Na danya, e. A cire naman tas, a wanke, a shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau, sannan a rufe a kwalbar da iska ba ta shiga. Idan da sauran laima, fumfuna za ta ci shi, ko ƙanƙara ta fasa ƙwayar. Rumbunan adana iri na duniya kan ajiye busasshen iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Lokaci-lokaci a ciri kaɗan a shuka, a ga nawa suka tsiro.

Kada a yi wa kaɗanya haka. Ƙwallonta na mutuwa da zarar ya bushe, don haka shuka shi ake yi cikin 'yan kwanaki da faɗuwarsa, a adana ta a matsayin itace mai rai.