Muryar Yaya kan aikin nemo wa cibiyar bincike kuɗi a Washinton

Ga saƙon muryar da Yaya ta turo, an mai da shi rubutu saboda waɗanda ba sa iya sauraro a wurin aiki.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na ji tambayarki. Kin ce wata cibiya a Washinton mai bincike kan manufofin gwamnati, irin masu ra'ayin kawo sauyi ɗin nan da ke magana kan albashin ma'aikata da haraji da kiwon lafiya, ta kira ki ganawa kan kujerar shugabar sashen nemo kuɗi. Ke kuma a ƙungiyar agaji kika saba, kina tambaya ko aikin ɗaya ne. Na ce bari in amsa a nan, ƙila wani ma ya amfana.

To, ba ɗaya ba ne. A wurin agaji kina da abin nunawa, ki ce ga mutum kaza da aka ciyar, ga hoto. Nan kuwa abin da ke hannunki rahoto ne, da alƙaluma, da wani masani da ya je gaban kwamitin majalisa ya yi bayani. Doka ɗaya sai ta shekara goma ba ta fito ba, ranar da ta fito kuma ƙungiyoyi da yawa kowa zai ce shi ya yi. Saboda haka mai ba ki kuɗi amana yake saye, wato ya yarda cewa in mutanenki suka faɗi lamba, lambar nan gaskiya ce. Duk dabarar da za ki tsara, amanar nan take karewa.

Kafin ki je ganawar, ki nemo fom ɗinsu na 990, wanda suke miƙa wa hukumar haraji ta IRS duk shekara. Kyauta ne a shafin intanet na ProPublica, wata kafar labarai ta Amurka. Ki duba na shekara uku a jere: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa suka ajiye. Ba za ki ga sunayen masu ba su kuɗi a ciki ba, ana ɓoyewa. Amma gidauniyoyi suna da nasu fom ɗin, 990-PF, su kuma dole su jera duk wanda suka ba da adadin da suka ba shi. Ta can za ki zagayo ki gano su wa ke riƙe da cibiyar. In kika ga gidauniya biyu ko uku ne ke ɗauke da rabin kasafin kuɗinsu, to kin san aikin da ake kiranki ki yi, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Don wallahi babbar cutar irin waɗannan cibiyoyi ke nan. Gidauniya tana canza alƙibla, ba ta neman izininki. Gidauniyar Atlantic Philanthropies ta attajiri Chuck Feeney, da gangan ta rabar da dukiyarta ta rufe a 2020. Gidauniyar Open Society, da Alex Soros ya karɓi ragama daga mahaifinsa a 2023, aka sanar da rage ma'aikata kusan kashi 40 cikin 100, aka sake tsarin ba da tallafi. Duk wanda ya jingina da su kaɗai ya ji a jikinsa. Ba mugunta ba ce, dukiyarsu ce, sun ga wata hanyar.

Sai abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi yawan kuɗin muhimmanci, wato irin kuɗin. Akwai tallafi mai sharaɗi, a ce ga dala dubu ɗari uku, ku yi bincike kan gidajen haya, kada ku taɓa sisi a wani abu. Akwai kuma marar sharaɗi, wanda za ki biya hayar ofis da shi, ki biya akanta, ki riƙe masani ko da aikinsa ya ƙare kafin wani ya zo. Cibiya sai ta tara miliyoyi na mai sharaɗi, a takarda ta yi ƙiba, amma albashin wata mai zuwa ana zufa. Kuma kin san harkar siyasa, yau za a wayi gari majalisa ta ɗauko wani ƙudiri da ba wanda ya zata, ana bukatar amsa cikin kwana biyu. Da wane kuɗi za a yi wannan aikin in komai an ɗaure shi? Shi ya sa shirin BUILD na gidauniyar Ford ya yi suna, dala biliyan 1 suka ware, tallafi na shekara biyar, mafi yawansa ba sharaɗi. Attajira MacKenzie Scott ma tun 2020 take rabon biliyoyi haka nan ba igiya. Sai dai ita galibi mutanenta ne ke nemo ki, kuma sau ɗaya ne, kada ki kuskura ki sa ta a kasafi kamar abin da zai dawo baɗi.

In kuma mai sharaɗin ne ya samu, kada ki ji kunyar saka kuɗin gudanarwa a ciki. Da can ana yi wa ƙungiyoyi gori a kan wannan, har a 2013 GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, masu sa ido kan ƙungiyoyin agaji, suka fitar da wasiƙa tare suna cewa a daina auna ƙungiya da wannan ma'auni kaɗai. Ki faɗi ainihin abin da aikin zai ci.

Yawwa, sai maganar doka, nan ne za su gwada ki. Yawancin cibiyoyin nan suna ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, wanda mai bayarwa ke samun rangwamen haraji. Sharaɗinsa, ba ruwansu da goyon bayan ɗan takara ko sukarsa, tun gyaran dokar da aka yi a 1954, wanda ake kira gyaran Johnson. Kamun ƙafa a majalisa an yarda, amma da iyaka. In sun zaɓi tsarin 501(h), iyakar a lissafe take: kashi 20 cikin 100 na dala dubu 500 ta farko da suka kashe, yana raguwa daga nan, kuma duk girmansu ba zai wuce dala miliyan 1 a shekara ba. Gidauniya mai zaman kanta kuwa ba ta da ikon ware tallafi ta ce na kamun ƙafa ne, ko da yake in ta ba da marar sharaɗi, cibiya na iya amfani da shi cikin iyakarta. Kin ga wani dalilin son marar sharaɗi. Wasu sai su buɗe 'yar'uwa ta biyu a sashe na 501(c)(4), kamar yadda Center for American Progress, wadda John Podesta ya kafa a 2003, take da Action Fund ɗinta. Can kamun ƙafa ba iyaka, amma mai bayarwa ba rangwame. Aljihu biyu ne, kuma ke ce za ki san wane mai bayarwa za a nuna wa wane aljihu. Ma'aikaci ɗaya yana yi wa duka biyun aiki, sai an rubuta awanninsa daban-daban. Abin gajiya ne, amma in aka yi sakaci a nan, lauya ne zai ci kuɗin da kika tara.

Masu ƙaramar gudummawa ta intanet, ba zan daɗe a kansu ba. Kowa yana tuna ACLU, ƙungiyar kare 'yancin jama'a, da ta samu kusan dala miliyan 24 a ƙarshen mako ɗaya a Janairun 2017, lokacin dokar hana 'yan wasu ƙasashe shiga Amurka. Kuɗin fushi ne wannan, kuma ACLU kotu take zuwa, mutane na gani. Cibiyar da ke rubuta rahoto kan haraji da wuya ta tayar wa mutum hankali har ya ciro katinsa. A yi dai imel ɗin ƙarshen shekara da Giving Tuesday, ranar ba da gudummawa ta shekara-shekara, a lallaɓa masu bayarwa wata-wata, amma kada ki yi wa kwamitin amintattun cibiyar alkawarin nan ne mafita. Liyafar cin abinci ma haka, ki cire abin da aka kashe da lokacin ma'aikata tukuna kafin ki yi murna.

Inda na fi so ki sa ƙarfi shi ne attajirai ɗaiɗaiku, don a Amurka kusan kashi biyu cikin uku na duk kyautar da ake yi daga mutane take fitowa, ba gidauniyoyi ba. Su kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sai an yi wata da watanni ana kiran mutum taron bayani, ana tura masa rahoto kafin ya fito, a haɗa shi da masanin da yake sha'awa, sannan a buɗe baki. Kuma sau da yawa ba ke za ki buɗe bakin ba, shugaban cibiya ne ko ɗan kwamitin amintattu. Ke kike shirya wa za a gani, yaushe, nawa za a ambata. Don haka ki tambaye su kai tsaye, shugaba kwana nawa yake bayarwa a wata don ganin masu bayarwa, kuma 'yan kwamiti duk suna ba da nasu? In suka fara kame-kame, to so suke ki zo ki ɗauke musu abin da ba sa son yi.

Af, na kusa mantawa da maganar kamfanoni. A 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42, Barry Lynn na cibiyar New America ya yaba, ba a jima ba aka raba gari da shi da tawagarsa. Google na cikin masu ba cibiyar kuɗi. Cibiyar ta musanta cewa matsin lamba ne, Google ma ta musanta, amma sunan ya riga ya taɓu. In baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma ko idon bai ji ba, jama'a za su ce ya ji. Ki tambaya ko suna da rubutacciyar ƙa'idar karɓar kyauta: daga wa ba sa karɓa, suna bayyana sunayen masu ba su, mai bayarwa yana ganin rahoto kafin a buga? In babu, ki ce shi ne abin da za ki fara kai wa kwamiti. Ranar da za ki mayar da cak mai nauyi, gara takarda ce ta ƙi, ba ke ba.

Sai albashi. In suka ce za su ba ki la'ada, kaso daga abin da kika tara, ki ƙi. Ƙa'idar ƙungiyar masu wannan sana'a, AFP, ta hana, kuma gidauniyoyi ba sa so. Ki kuma tambayi wanda ya bar kujerar shekara nawa ya yi, me ya fitar da shi. Turo min takardar bayanin aikin ta gefe, in duba miki adadin da suke so a tara, mu gwada shi da abin da ke cikin 990 ɗinsu. Sai na ji ki.