Abin da za ka ƙara a shafin nan naka

Yarona, na ga saƙonka na daren jiya. Ka ce ka ɗora shafinka na kanka a intanet, amma in ka buɗe shi sai ka ga kamar ɗakin da aka share ba a shimfiɗa ko tabarma ba, kana so in faɗa maka abin da za ka ƙara. Har ka lissafo naka: agogo mai juyawa, kiɗan da zai tashi da an shigo, na'urar ƙirga baƙi, da hotuna masu zamewa a sama.

Na buɗe shi da safe ina karyawa, a ƙaramar wayar gwajin nan tawa mai fasasshen gilashi. Aikin ya yi tsabta, rubutu bai hau kan rubutu ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai cika shekara biyu a hannuna ba. Sai dai na karanta daga sama har ƙasa ban gane me kake sayarwa ba. "Barka da zuwa shafina", sai hotonka da baƙin tabarau, sai "ni matashi ne mai kishin fasaha". Masu kishin fasaha ai sun cika Farm Centre, je ka tsaya a bakin kasuwar ka ƙirga.

Duk wanda ya shigo shafin mutum, abu uku ne a ransa: wane ne wannan, me ya iya, ta ina zan same shi. Datarsa kuma tana tafiya. Don haka layin farko ya faɗi sana'arka kai tsaye, kamar allon shago: "Ina gina wa teloli da masu shaguna shafin intanet a Kano, da Hausa ko da Turanci." Shi ke nan. Kishin ka bar shi a zuci, aiki zai nuna shi.

Aikin kuwa shi ne babban abin da babu a shafin, kuma a nan nake so ka ɓata lokacinka. Na san za ka ce ba ka da abin nunawa. Kana da uku. Akwai shafin Alhajin nan mai atamfa na Kantin Kwari, akwai wanda ka yi wa makarantar Islamiyya iyaye suke duba sakamakon yara, akwai kuma wanda aka kawo mana a lalace ka tashe shi. Yara da yawa hoton fuskar shafin kawai suke ɗauka su jera, kamar kwalliyar kanti. Wannan ba ya gaya wa kowa komai, don mai kallo bai san ko kai ka yi ko kwafowa ka yi ba. Kowane aiki ka ba shi labarinsa, gajere. Da wace matsala mutumin ya zo? Me ka yi? Ina abin ya cije, ya ka kwance shi?

Ka tuna ranar da hotunan atamfar nan suka riƙa fitowa a kwance, alhali a wayar yaron Alhaji a tsaye suke? Ka wuni kana zargin kanka, har ka ƙi cin abinci. Daga baya muka gano waya tana ɓoye wani bayani a jikin kowane hoto, wanda ke cewa ta wace fuska aka riƙe ta, shi kuma abin da ka yi amfani da shi wajen rage nauyin hoton yana zubar da bayanin ba tare da ya juya hoton ba. To wannan shi ne labarin. Rubuta shi cikin layi shida, ka sa hoton kafin gyara da na bayan gyara. Ɗan kasuwar da ya karanta ba lallai ya fahimci yadda aka yi ba, amma zai gane cewa in abu ya lalace kai ba ka kashe waya. Wanda ya san aikin kuma, in yana neman yaro, zai gane ka taɓa shan wuya da hannunka. Af, a cikin wannan ɓoyayyen bayanin har da wurin da aka ɗauki hoto, in mai wayar ya bar ta a haka. Hoton da ka ɗauka a tsakar gidanku, goge masa bayanin kafin ka ɗora.

Kafin ka sa aikin kowa, je ka nemi izini, baki da baki. Na Islamiyyar kuwa, kada sunan yaro ko ɗaya ya fito a hoton, ka cika shi da sunayen ƙarya ka ɗauka. In Alhaji ya yarda ya faɗi kalma biyu a kanka, rubuta yadda ya faɗa, kada ka gyara masa ya koma kamar takardar yabo ta ofis. Kuma kada ka kuskura ka ƙirƙiro yabo da sunan wanda babu shi. Garin nan ƙarami ne.

Sai hanyar samunka. Na ga ka sa fom mai gida bakwai, har da "taken saƙo". Bari in ba ka labarin kaina. Shekarun baya na yi wa wani mai kayan gini shafi da fom irin wannan, saƙonnin suna faɗawa wani akwatin imel da na buɗe masa. Bai taɓa leƙawa ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da aka yi wata biyar ya zo yana faɗa wai shafin bai kawo masa ko mutum ɗaya ba. Muka buɗe akwatin tare, ga mutane nan suna tambayar farashin kwano da siminti, wani har sau uku ya rubuto. Laifina ne, don na san mutumin WhatsApp ne na kai shi inda ba ya zuwa. Kai ma mutanenka a can suke. Sa maɓalli babba mai kai mutum WhatsApp ɗinka kai tsaye: wa.me, sai sanda mai karkata, sai 234, sai lambarka ba tare da sifilin farko ba. Lambar aiki, ba wadda 'yan gida ke kiranka da ita ba. Ka sa imel a ƙasa saboda kamfanoni. In ka nace sai fom, gida uku ya isa, ka gwada shi duk mako, kuma ka sani tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, abin da ka karɓa na mutane amana ce da za a iya tambayarka. Adireshin shago ya isa. Na gida, da ranar haihuwa, da lambar katin ɗan ƙasa, ba su da wuri a nan. Takardar neman aikin da ka ɗora ma sauke ta ka cire lambobin mutanen da suka tsaya maka, ba su ba ka don ka baza a duniya ba.

Maganar farashi, mu kanmu masu sana'ar ba mu haɗu a kanta ba. Ni ra'ayina ka rubuta abin da ke cikin kowane aiki, shafi nawa, gyara sau nawa, wa zai biya kuɗin masauki, wato wurin da ake ajiye shafin a intanet. In ka sa kuɗi, sa watan da ka rubuta a gefensa, don yadda naira take yanzu wani zai zo maka da farashin bara ya ce ai a shafinka ya gani.

Yanzu ga abin da na fi so ka ƙara, ko da yake shi ne mai wuya. Littafin nan mai bangon shuɗi da kake rubuta duk abin da ya ba ka wahala a shago, mayar da shi shafi. Yadda ake rage nauyin hoto. Yadda ake haɗa sunan shafi da masaukinsa. Me ya sa imel ɗin kamfani ke faɗawa kwandon shara. Rubuta da Hausa, yadda kake yi wa ƙaninka bayani. Da Turanci dubban mutane sun riga ka, da Hausa kuwa fili ne fetal, mai nema a Zariya ko Maraɗi zai iya faɗowa kanka. Amma fa in za ka yi, yi shi da kyau. Haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, salon rubutu da yawa ba su da su. Burauza sai ta aro su daga wani salon, ka ga kalma ɗaya da harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo kamar haƙorin da ya fito a karkace, wani lokacin ma akwati ne zai fito a gurbinsa. Wanda ka zaɓa yanzu yana da wannan ciwon, duba "ƙwarewa" a layi na biyu ka gani. Noto Sans na Google yana da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk kyauta. Ni da kalma uku nake gwaji: ƙwaƙwalwa, ɗaiɗai, ɓarawo. Ka haɗa da ƴ, don mutanen Nijar da ita suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Ka tabbata shafin yana kan UTF-8, tsarin da ke sa haruffan nan su fito daidai, ka kuma rubuta masa cewa harshensa "ha" ne.

Kowane rubutu ka sa masa kwanan wata. Kada ka buɗe sashe ka kira shi "Sababbin Labarai" in ba za ka iya ciyar da shi ba. Ba abin da ke nuna shago ya mutu kamar sabon labarin da ya shekara biyu. In ka ga ba za ka iya rubutu a kai a kai ba, akwai wata dabara da wani Ba'amurke, Derek Sivers, ya yaɗa a 2015: shafi guda mai suna "Yanzu", inda za ka faɗi abin da kake ciki a wannan watan, me kake koyo, ko kana karɓar aiki ko hannunka a cike yake. Layi biyar, gyaran minti goma.

To, mu dawo kan jerin naka. Na yi dariya, don na ga ƙuruciyata. Zamanin GeoCities, kamfanin da ke ba mutane wurin ɗora shafi kyauta a da, kowa da na'urar ƙirga baƙi, da rubutu mai ƙyaftawa, da hoton ɗan lebura mai shebur wai ana kan gini. Na'urar ƙirgar nan, in ta nuna 14 ta tona maka asiri, in ka ƙara mata sifili ka yi ƙarya. Kiɗa kuwa, tun 2018 Chrome ya fara hana sauti tashi da kansa, kuma gara haka, ka yi tunanin mai buɗe shafinka a wurin zaman makoki. Agogo yana saman wayar kowa. Hotuna masu zamewa su ne suka fi ci mini rai: hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabait uku ko huɗu, ka jera shida, ka cinye wa bawan Allah wajen megabait ashirin kafin ya ga sunanka, kuma ba zai tsaya ya ga na biyun ba. Kwalliyar ba ta biyan kuɗin sabulu. Hoto ɗaya mai kyau, ka rage faɗinsa, ka mayar da shi WebP, nau'in hoto mara nauyi, ya sauko ƙasa da kilobait 200. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya daga cibiyar CERN a 1991 ba shi da hoto ko ɗaya, rubutu ne da mahaɗai, har yau yana buɗewa.

In sauti kake so, ga inda zai yi amfani. Yawancin masu shagunan da za ka yi wa aiki sun fi jin daɗin saƙon murya a kan karatu. Ɗauki muryarka na minti ɗaya kana bayanin aikinka, ka sa maɓallin da sai an taɓa zai yi magana, ka rubuta nauyinsa a gefe. Ban ga yaro ko ɗaya a layinmu da ya yi wannan ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a gani sai an rasa su. Bayanin Open Graph, wanda ke sa hoto da take su fito in an tura adireshinka a WhatsApp, don ta can yawancin baƙinka za su zo. Ɗan bayani a bayan kowane hoto, saboda makafi masu amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta musu abin da ke fuskar waya, da wanda hoton ya ƙi buɗe masa. Shafin ɓatan hanya, 404, da zai mayar da mutum gida da Hausa mai daɗi. Sai makulli, wato shaidar tsaron da ke sa adireshin shafi ya fara da https: ƙungiyar Let's Encrypt kyauta suke bayarwa, kuma tun Yulin 2018 Chrome ke rubuta wa shafin da ba shi da shi cewa ba amintacce ba ne. Naka ba shi da shi. Mai gina shafi da wannan tambarin a goshi, wa zai ba shi aiki?

Na ƙarshe, sunan shafin, wato adireshinsa. Har yanzu kana zaune a ƙarƙashin sunan kamfanin da ya ba ka wuri kyauta, zanen aro kuwa ka san abin da aka ce a kansa. GeoCities ɗin da na ambata, Yahoo ta saye shi a 1999, ta rufe shi a 2009, shafukan mutane suka tafi. Google+ ya bi sahu a 2019. Kai kanka ka ga yadda aka dakatar da Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ka kuma ga ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, masu sayar da kaya ta can suka zauna zugum. Sayi suna naka, ko .com.ng ko .name.ng, a hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su. Da sunanka da imel ɗinka za ka yi rajista, ko ni kada ka bari in yi maka da nawa. Ranar sabuntawa ka rubuta a bangon littafin nan, ka kuma ajiye kwafin shafin gaba ɗaya a filashi.

Ka fara da labaran aikin nan uku, ka kawo mini ranar Asabar bayan la'asar. Za mu miƙa wa mai shayin bakin layi wayar gwajin, mu ce ya nemo yadda zai kira ka, ba wanda zai ce masa uffan, mu ga inda yatsansa zai nufa. Ka taho mini da cajata da ka ara tun ranar Talata.