Sifikata na soka min kunne in an furta "s"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi hom tiyata, bes ɗinta ba laifi, amma duk inda mai waƙa ko mai wa'azi ya furta kalma mai "s" ko "sh" ko "ts" sai kaji wani tsiii kamar ana soka maka allura a kunne. Dan Allah lalacewa tayi ko jabu ce? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar kayi saurin kaita wajen mai gyara, galibi lafiyarta ƙalau. Ƙarar waɗannan haruffan tana can sama ne, wajen kilohaz 5 zuwa 8 a ma'aunin sirantar sauti, toh duk abinda ya ƙara wa wannan wajen ƙarfi su zai fara fito da su.

Fara da tirebul, wato abin murɗawar da ke ƙara siririn sauti. Mu nan Kano akwaimu da murɗa shi har ƙarshe wai don murya ta fita tar, ka dawo dashi tsakiya, in akwai ikwalaiza (wajen saita bes da tirebul) a wayarka ka kasheta ka saurara. Haka bolum, in ya wuce ƙarfin amfilifaya sautin yagewa yake, kuma hakan na iya ƙona ƙaramar sifikar sama da masu gyara ke kira tuwita.

Amma wallahi abinda nafi zargi shine abinda kake kunnawa. Karatu ko waƙar da aka ɗauka da waya, aka tura ta WhatsApp, wani ya maida ita MP3, wani ya sake matseta don ta shiga memori, duk matsewar da akayi saman sautin ne ke fara lalacewa, MP3 mai 64 kbps, wato wanda aka matse sosai, ba zai taɓa yin daɗin mai 320 ba ko wace sifika ka saka. Wani lokacin ma tun daga situdiyo ne, baki ya matse makirfo kuma ba'a gyara ba. Gwajin mai sauƙi ne, saurari daidai inda tsiii ɗin ke fitowa a waƙar ko karatun da iyafis. In tsiii ɗin na nan, laifin ba na sifikarka bane.

In babu, duba falon. Tayil a ƙasa, bango siminti, taga gilashi, duk suna dawo da siririn sauti. Shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri, sa labule, sannan ka ɗan karkatar da sifikun kar su kalli kunnenka kai tsaye.

Sai in ɓangare ɗaya ne kawai ke yi, ka sauya wa sifikun biyu mazauni da wayoyinsu, in ƙarar ta bi guda ɗaya toh ita zaka kai a duba tuwitarta.